Tsarin Faɗa a Finafinan Kunfu Masu Ƙaramin Jari

1.0 Gabatarwa

Finafinan da Hausawa ke kira "Chanis" sun yi tashe a gidajen silima na biranen Arewa a shekarun 1970 da 1980, lokacin da ake nuna su tare da na Indiya da na kaboyi. Galibinsu an shirya su ne a Honkon da Taiwan da ɗan jari kaɗan, kuma labarinsu bai cika wuce ɗaukar fansa ba: an kashe malami, almajiri ya tafi ya koyo faɗa, ya dawo ya gama da "bos". Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauke su abin shagalar yara. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa hikimar waɗannan finafinai tana cikin faɗansu, wanda yake da gaɓoɓi da kari da ƙa'idoji kamar yadda magana take da su, sannan ta nuna rawar da ƙarancin kuɗi ya taka wajen kyautata shi. Domin sauƙin bayani, za a kira mai wannan aiki da sunan "mai tsara faɗa". Sinawa suna ce masa wushu zhidao, wato jagoran dabarun faɗa.

2.0 Tushen Sana'ar

Sana'ar tsara faɗa ta tsiro daga tushe biyu. Na farko shi ne wasan kwaikwayon gargajiya na Bejin, wanda ya haɗa waƙa da rawa da alkafura. A makarantar Yu Jim-yuen da ke Honkon, iyaye kan miƙa yaro ga malami na tsawon shekaru, a horar da shi tun asuba har dare. A nan Jaki Can da Sammo Hung da Yuen Biao suka tashi. Da kasuwar wannan wasa ta ja baya a ƙarshen shekarun 1960, ɗaliban suka koma masana'antar fim a matsayin 'yan kasada, wato masu shan duka da faɗowa a madadin jarumi.

Tushe na biyu shi ne makarantun faɗa na kudancin Sin. Daga 1949 aka fara jerin finafinai a kan gwarzon nan Wong Fei-hung, waɗanda Kwan Tak-hing ya fito a fiye da saba'in daga cikinsu. A cikinsu Lau Kar-leung ya koyi aiki, kuma silsilarsa ta karatu tana komawa ga gwarzon kansa, domin mahaifinsa almajirin Lam Sai-wing ne, shi kuma almajirin Wong Fei-hung. Shi da Tong Kai suka tsara faɗan One-Armed Swordsman a 1967, fim na farko da ya tara dala miliyan ɗaya ta Honkon a kasuwar gida.

Bayan rasuwar Burus Li a watan Yuli na 1973, 'yan kallo a sassan duniya ba su daina neman irin waɗannan finafinai ba. Ƙananan kamfanoni suka cika gurbin, kuma tun da ba su da ɗakunan shirya fim irin na Shaw Brothers, jarinsu na gaske shi ne jikin 'yan wasa da basirar mai tsara faɗa.

3.0 Yadda Ake Gina Faɗan

3.1 Ɗauka gaɓa-gaɓa

A al'adar Amurka, akan ɗauki faɗa gaba ɗaya daga nesa, a maimaita shi daga kusurwoyi dabam-dabam, daga baya mai tacewa ya zaɓi abin da ya ga dama. Wannan yana cin fim da lokaci. A Honkon kuwa, rubutun labari sau da yawa ba ya faɗar komai illa cewa a nan za a yi faɗa. A wurin ɗauka ne mai tsara faɗa da yaransa suke ƙirƙiro motsi uku ko huɗu, wani lokaci fiye da goma, su gwada, a kafa kamara inda motsin zai fi fitowa, a ɗauka. Sai a matsa da kamara, a ɗora daga daidai inda hannu ko ƙafa ta tsaya. Ke nan an riga an tace faɗan tun a wurin ɗauka, mai tacewa ɗinki kawai zai yi. Hasali ma, a irin wannan lokaci darakta yakan koma gefe, mai tsara faɗa ya riƙe ragamar kamara da 'yan wasa baki ɗaya.

3.2 Kari da tsaiko

Masanin fim David Bordwell, a littafinsa Planet Hong Kong na shekarar 2000, ya lura cewa faɗan yana tafiya ne bisa tsarin tsaiko, sai ɓarkewa, sai tsaiko. Abokan gaba su tsaya cak, su ɓarke da naushi da tarewa, su sake tsayawa cak na ƙiftawar ido. Wannan tsaiko gado ne daga dandalin wasan Bejin, inda ɗan wasa kan daskare a tsayuwa ɗaya domin a gan shi da kyau. Aikinsa daidai yake da na aya da waƙafi a rubutu: yana raba jimla da jimla, ya ba mai kallo damar gane wa ya kai hari, wa ya kare, wa kuma ya fara galabaita. Idan aka cire shi, faɗa ya koma hayaniya, tamkar mai maganar da ba ya numfasawa.

Saboda haka ne ake iya karanta ma'ana a cikin faɗan. A Snake in the Eagle's Shadow na 1978, wanda Yuen Woo-ping ya shirya wa ƙaramin kamfanin Seasonal, salon maciji ya kasa da salon gaggafa, sai jarumi ya ga yadda kyanwa ta yi da maciji, ya haɗa salon nata da nasa, ya ci nasara. Da hannu da ƙafa aka gabatar da wannan hujja, shi ya sa ɗan kallon da ba ya jin Sinanci ko Ingilishi ya fahimce ta sarai.

3.3 Mai faɗuwa

A fagen dambe, ƙarfin mai naushi ne ke kai abokin karawa ƙasa. A fim kuwa, mai faɗuwa ne ke ba naushi ƙarfi. Sau da yawa hannu ba ya taɓa fuska. Ana kafa kamara ne ta bayan ɗayansu yadda ba za a ga tazarar ba, shi kuma wanda aka kai wa dukan ya fizge kansa a daidai lokacin, ya watsa jikinsa ƙasa. Idan ya yi gaggawa ko ya makara da ƙiftawar ido, asiri ya tonu. Akan kuma barbaɗa hoda a takalmi ko a riga, domin ƙurar da ta tashi ta nuna wurin da duka ya sauka.

3.4 Kamara da sauti

Fim yana tafiya ne da hotuna 24 a daƙiƙa. Idan aka ɗauka da 22 aka nuna da 24, motsi zai ƙara sauri ba tare da ya zama abin dariya ba. Tsallen da jarumi ke yi daga ƙasa zuwa rufin ɗaki, sau da yawa dirowa ya yi, aka juya fim ɗin baya. Akan kuma ɓoye abin tsalle mai roba ƙasa da idon kamara, ko a ɗaura wa ɗan wasa siririyar waya. Bugu da ƙari, a wancan zamani ba a ɗaukar sauti a wurin aiki. Daga baya ake sa muryoyi da ƙarar naushi da kaɗawar hannun riga, wanda ya ba mai tsara faɗa damar ƙirga wa 'yan wasa motsi da baki ana cikin ɗauka. Waɗannan ƙararraki su ne gangar faɗan, su ke fito da karinsa.

4.0 Riba da Hasarar Ƙarancin Jari

Rashin uwa, in ji Hausawa, akan yi uwar ɗaki. Rashin kuɗin gina fada ko kasuwa ya kai masu fim kan tsauni da fili, inda ba abin da zai ɗauke ido daga jikin 'yan wasa, don haka dole motsin ya kasance mai tsafta. Rashin kayan aiki ya mayar da benci da tulu da sandunan cin abinci makamai, kamar yadda aka gani a Drunken Master na 1978. An sake ganin wannan darasi a Ong-Bak na ƙasar Tailan a 2003, da The Raid na Indonesiya a 2011, wanda aka fara tsara faɗansa da ƙaramar kamarar bidiyo kafin a shiga ainihin ɗauka.

Sai dai wannan riba da jikin mutane aka biya ta. 'Yan kasada sun sha karaya da targaɗe a kan ladan yini, sunan jarumi kuma shi ke kan allon talla: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1983 ne aka fara ba da kyautar tsara faɗa a bikin finafinan Honkon. Hukumar kyautar Oska kuwa sai a 2025 ta sanar da ware irin wannan kyauta, wadda za ta fara da finafinan 2027, alhali tun 1999 Yuen Woo-ping ya tsara faɗan The Matrix.

5.0 Kammalawa

An ga cewa faɗan finafinan kunfu ya samo asali daga dandalin wasan kwaikwayo da makarantun faɗa, ana gina shi gaɓa-gaɓa, tsaiko yana rarrabe shi, mai faɗuwa da sauti suna ba shi nauyi. Abin lura ga manazarta harshe shi ne, waɗannan finafinai sun isar da saƙo ga al'ummomin da ba su san harshen da aka yi su da shi ba, har kalmar "bos" ta zauna a bakin matasan Hausawa da ma'anar babban mugun da jarumi ke karawa da shi a ƙarshe. Ya dace a bi sawun irin waɗannan kalmomi da gidajen silima suka shigo da su cikin Hausa da sauran harsunan Nijeriya, tun masu tuna yadda aka fara amfani da su suna raye.