Dawowar Lauryn Hill da Jita Ɗaya

Lauryn Hill mawaƙiya ce baƙar fata ƴar Amurka, an haife ta a jihar New Jersey a 1975. Ta fara yin suna a ƙungiyar Fugees tare da Wyclef Jean da Pras Michel. A 1998 ta fitar da faifanta na farko ita kaɗai, The Miseducation of Lauryn Hill, inda ta haɗa rap da soul, wato salon da baƙaƙen Amurka suka samo daga waƙoƙin coci da na blues. Faifan ya kawo mata lambobin Grammy 5 a 1999. Bayan haka sai ta ja jiki, aka daina jin ɗuriyarta.

Ta sake bayyana a ranar 21 ga Yuli 2001, a ɗakin ɗaukar shirye-shirye na tashar MTV a birnin New York, cikin shirin Unplugged. Ƙa'idar shirin ita ce mawaƙi ya ajiye kayan kiɗa masu aiki da lantarki, ya rera waƙa a gaban mutane kaɗan. Lauryn ta wuce nan. Ba ta zo da ƙungiyar makaɗa ba, ta kuma bar waƙoƙin da aka san ta da su. Ta zauna da jita, ta kawo sababbi, tana tsayawa a tsakani tana bayanin yadda suna ya zame mata kurkuku. Muryarta ta dishe, har ta yi kuka. Ɗaya daga cikin waƙoƙin ta samo asali daga kisan Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini da ƴan sandan New York suka harbe a 1999.

Da faifan ya fito a watan Mayu 2002, sai ra'ayi ya rabu. Wasu masu sharhi suka ce waƙoƙin ba su nuna ba, surutu kuma ya yi yawa. Wasu suka ce ƙarfinsa yana cikin rashin gyaran, domin a aikin sutudiyo na yau da kullum ana maimaita waƙa har a share kowane kuskure, a nan kuwa an bar kome yadda ya fito.

Faifan bai kai na farko kasuwa ba, amma bai mutu ba. A 2004 Kanye West ya gina amshin waƙarsa All Falls Down a kan Mystery of Iniquity, ɗaya daga cikin waƙoƙin wannan zama.