Attajirin Kananzir Na Amurka Da Macen Da Ta Tona Masa Asiri

Yau za mu kawo muku labarin wata shari'a da aka yi a ƙasar Amurka tsakanin hukuma da wani kamfani wanda a zamaninsa ba shi da na biyu wajen cinikin mai. Asalin maganar kuwa kananzir ne, wannan dai da malami ke zuba wa fitila ya yi muɗala'a da dare, ɗan tireda kuma ya sayar kwalba-kwalba. Abin da ke cikin labarin ya shafi kowane mai saye da sayarwa, watau idan ɗan kasuwa ya ƙasaita har ya fi ƙarfin kasuwa, wa zai tsawata masa?

A shekarar 1859 wani mutum mai suna Edwin Drake ya haƙa rijiya kusa da garin Titusville a jihar Pennsylvania, mai ya fito. Nan da nan jama'a suka yi caa a wurin, masu haƙa na haƙa, masu tacewa na tacewa, domin a wannan zamani babu mota, babban amfanin man shi ne a tace shi a sami kananzir na fitila. Cikin masu tacewa akwai wani saurayi a birnin Cleveland, sunansa John D. Rockefeller, an haife shi a 1839. Tun yana da shekara 16 ya kama aikin akawu a kantin wasu dillalan hatsi, ya kuwa tashi da tsananin kula da lissafi. Ana ba da labari wata rana ya ga ana liƙe bakin garwar kananzir da ɗigo 40 na dalma, ya ce a gwada 38, wasu suka yi yoyo, aka gwada 39 suka riƙe, daga ran nan aka tsaya a kan 39. A 1870 shi da abokansa suka kafa kamfanin Standard Oil a jihar Ohio, da jarin dala miliyan 1.

Da a ce tsimi da ƙididdiga kaɗai suka ɗaukaka shi, da babu mai magana. Amma a farkon 1872 aka ƙulla wani shiri a ɓoye tsakanin manyan kamfanonin jirgin ƙasa uku da wasu 'yan tsirarun masu matatu, Rockefeller na cikinsu. Ga misalin yadda abin yake. A ce fatake biyu sun ɗora gyaɗa a jirgi, ana karɓar goma a kan kowane buhu. Dukansu sun biya goma, amma bayan an watse sai a mayar wa na farko da huɗu daga kuɗinsa. Sa'an nan kuma a ɗebi huɗu daga cikin kuɗin da na biyu ya biya, a ƙara masa. Har ila yau a ba shi takarda mai nuna buhu nawa abokin nasa ya ɗora, da garin da ya nufa da su. To, ina na biyun zai tsaya? Duk buhun da ya ɗora, ƙarfi yake ƙara wa mai neman karya shi.

Da asirin ya fito, masu rijiyoyi suka tashi tsaye, suka ƙi sayar wa 'yan shirin da mai, har majalisar Pennsylvania ta soke takardar izinin ƙungiyar tun ba a ɗauki ko ganga ɗaya a kan wannan tsari ba. Amma aikin gama ya gama. Cikin 'yan makonnin nan na tsoro Rockefeller ya bi masu matatu na Cleveland ɗaya bayan ɗaya, ya saye 22 daga cikin 26. Rangwamen ɓoye kuwa bai daina karɓa ba. Kafin 1880 kusan kashi 90 cikin 100 na man da ake tacewa a Amurka a hannunsa yake. A 1882 aka tattara hannun jarin kamfanonin duka aka danƙa wa wakilai 9, ya zama a ido kamfanoni ne dabam-dabam, alhali kuwa linzami ɗaya ne.

Malamai sun san babin ihtikari, watau ɓoye kaya don su yi tsada. Wannan al'amari yana kama da shi ta wata fuska, ya kuma saɓa masa ta wata. Gaskiya ita ce kananzir bai yi tsada a hannun Rockefeller ba, araha ma ya yi ƙwarai, ya kuma ƙara kyau, talaka ya sami haske. Abin da ya tare shi ne hanya. In wani ƙaramin ɗan kasuwa ya kawo nasa kananzir wani gari, sai kamfanin ya karya farashi a wannan gari kaɗai har mutumin ya durƙushe, sa'an nan a mai da farashin inda yake. Majalisar ƙasa ta yi doka a 1890, wadda ake kira dokar Sherman, mai hana haɗa baki don toshe ciniki. A 1892 kotun Ohio ta ce a warware wakilcin nan, amma a 1899 suka koma jihar New Jersey suka sake ɗaura shi da wani suna.

Ana nan sai ga wata mace marubuciya, Ida Tarbell, wadda aka haifa a 1857. A ƙasar rijiyoyin ta girma, mahaifinta kuwa yana ƙera tankunan katako na zuba mai, yana kuma cikin waɗanda shirin 1872 ya taɓa. Ba ta fito da zagi ba. Sai ta bi kotuna da ofisoshin hukuma tana tono tsofaffin takardun shari'u da shaidar da aka ba majalisu bisa rantsuwa, ta zauna da waɗanda aka karya, ta kuma zauna da ɗaya daga manyan kamfanin, Henry Rogers, ta ji ta bakinsa. Daga watan Nuwamba na 1902 mujallar McClure's ta fara buga rubutunta, kashi 19, aka tara shi littafi a 1904. Ta yaba wa kamfanin inda ya cancanci yabo, shi ya sa da ta zo kan laifi jama'a suka gaskata ta.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi kuwa daga hannun yaro ta fito. Wani yaro mai aike a ɗaya daga ofisoshin kamfanin aka ba shi tarin takardu ya ƙone. Yana cikin zubawa a wuta sai ya ga sunan malaminsa na makarantar coci, wanda shi ma mai ƙaramar matata ne. Ya duba, ashe bayanin kayan da mutumin ya ɗora a jirgi ne, ma'aikatan reluwe suka aiko wa kamfanin a asirce. Yaro ya kai wa malaminsa, malami ya kai wa Tarbell, ta buga. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Theodore Roosevelt, wanda ya hau a 1901 bayan an harbe William McKinley. Ko da yake shi da bakinsa ya kwatanta irin waɗannan marubuta da masu tonon juji, ya ga inda hankalin jama'a ya karkata. A 1903 aka yi doka mai hukunta mai ba da rangwamen ɓoye da mai karɓa, a 1906 kuma aka ba hukumar lura da sufuri ikon yanke iyakar kuɗin jirgi. A watan Nuwamba na wannan shekara gwamnati ta kai Standard Oil ƙara. Ran 15 ga Mayu 1911, shekarar da layin dogo ya iso Kano, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a raba kamfanin gida 34, ta ba da wata 6 a cika umarni.

Amma fa ku ji abin mamaki. Rockefeller yana da kusan rubu'in hannun jarin uwar kamfani, saboda haka aka ba shi rubu'i a kowane ɗaya daga cikin 'ya'yan. Zamanin mota kuwa ya kama, fetur ya yi daraja, dukiyarsa ta ƙara haɓaka. Daga 'ya'yan nan ne aka sami Esso da Mobil da Chevron, sunayen da 'yan kasuwarmu suka sani, biyun farko kuma suka sake haɗuwa a 1999. Ya ba da dukiya mai yawa sadaka, gidauniyar da ya kafa a 1913 ita ta buɗe wurin binciken cutar shawara a Yaba ta Ikko a 1925. Ya rasu a 1937 yana da shekara 97.

Saura mu leƙa waje, domin yawancin kananzir ɗin nan a farkon lamari ƙasashen ƙetare ake kai shi, garwa biyu cikin akwatin katako. A ƙasar Sin kamfanin ya riƙa ba da ƙananan fitilu kyauta ko da araha, don wanda ya karɓi fitila lalle ya nemi mai. Gwamnatin Amurka kuwa tun 1899 take kira ga manyan ƙasashe a bar ƙofar kasuwar Sin a buɗe ga kowa. Sai dai mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A 1903 Roosevelt ya nemi Kolombiya ta ba shi fili ya haƙa mashigin ruwa a Panama, majalisarta ta ƙi amincewa da sharuɗɗan. Sai mutanen Panama suka yi bore, jiragen yaƙin Amurka suka hana Kolombiya kai soja, sabuwar ƙasa ta ba da filin a kan dala miliyan 10 da kuɗin shekara-shekara. Wanda ya tsawata wa babban attajiri a gida don ya danne ƙanana, shi ne ya danne ƙaramar ƙasa a waje. Aka buɗe mashigin a 1914. A 1921 Amurka ta yarda ta biya Kolombiya dala miliyan 25, a daidai lokacin da kamfanoninta ke neman izinin haƙar mai a can. Panama ba ta karɓi mashigin a hannunta ba sai ƙarshen 1999.

To, jama'a, shari'ar 1911 ba ta talauta attajirin ba, ba ta kuma mayar wa waɗanda aka karya da dukiyarsu ba. Abin da ta tabbatar shi ne hanya ta kowa ce, kuɗin da aka karɓa wurin babba shi za a karɓa wurin ƙarami, kuma arahar kaya ba ta wanke wanda ya toshe wa 'yan'uwansa kasuwa. Kada kuma a manta ba a kai ga hukuncin ba sai da aka sami mai haƙurin bin takardu shekara da shekaru, da yaron da ya karanta abin da aka ce ya ƙone.