Bindiga da Takunkuminta: Abin Lura Ga Mutanen Fagge da Sabon Gari

Tun shekaru da dama ake gardama a ƙasar Amurka bisa wani ɗan ƙarfe da ake ɗaura wa bakin bindiga don ya rage mata ƙara. Mu a nan za mu kira shi takunkumin bindiga. Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Fagge da rigimar Amurkawa? To, ai masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gardamar sassauta dokar makamai ta riga ta iso ƙasarmu.

Wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, shi ya fito da wannan ƙarfe, aka ba shi takardar mallakar ƙirarsa a 1909. Kamar bututu yake, da ɗakuna ɗakuna a ciki. In an harba, sai hayaƙin albarushi ya bi ɗakunan nan, ƙarfinsa ya ragu kafin ya fito. Kada a ruɗu da abin da ake gani a majigi, gama ba ya mai da bindiga bebiya. A ma'aunin ƙara da ake kira desibel, bindiga takan kai wajen 160, shi kuwa takunkumi abin da yakan rage tsakanin 20 ne da 35. Watau ana jin harbin, sai dai ba ya kai nisa kamar da, kuma yakan yi wuyar a gane daga inda ya fito.

A 1934, zamanin da 'yan fashi suka addabi biranensu, Gwamnatin Amurka ta yi doka cewa duk mai son takunkumi sai ya biya harajin dala 200, ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa, a rubuta sunansa cikin rajista. Masu son a sassauta suna cewa don kare kunnen maharba ake sayensa, kuma da wuya a same shi hannun mai laifi. Wannan gaskiya ne, gama an yi wa miliyoyi rajista, waɗanda aka yi ɓarna da su kuwa kaɗan ne ƙwarai. Masu ƙi kuma suna tuna ranar 31 ga Mayu, 2019, da wani ma'aikaci ya kashe mutum 12 a wani ofishin hukuma a garin Virginia Beach da ƙaramar bindiga mai takunkumi. A Yuli 2025 aka sa hannu a dokar da ta soke harajin daga 1 ga Janairu, 2026, amma ba ta taɓa rajistar ba.

Ga inda ya kamata a lura. Ƙarancin laifin da ake tinƙaho da shi, a ƙarƙashin rajista da bincike aka same shi. Saboda haka ba zai zama shaidar abin da zai faru in an ɗage su ba. Wanda ya ga kura ta yi lakwas da takunkumi a hannun gardi, bai san halinta ba tukuna.

Mu komo gida. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Na farko su ne haramtattu, kamar igwa, da gurneti, da mashinga, da bindigar soja, da libarba. Waɗannan sai da iznin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne irin na farauta, kamar mai baki biyu, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne bindigogin toka, irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke lura da su. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasin, haka nan mai taɓin hankali ko mashayi. Tsarin Mulki na 1999 kuma ya sa sha'anin makamai a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai.

Shi ya sa a Yuni 2022, da Gwamnatin Jihar Zamfara ta ce wa jama'arta su nemi lasin su riƙe bindiga don kare kansu daga 'yan bindigar daji, manyan soja suka ce Gwamna ba shi da wannan iko. A Agusta 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da sabon lasin. Ba mu ga laifin manomin da aka kore masa shanu, aka ɗauke masa iyali, in ya nemi abin kare kansa. Hakkinsa yana wuyan hukuma. Amma maganin da ya dace da ƙauyen da ke bakin daji ba lalle ne ya dace da tsakiyar birni ba.

Dubi Fagge. Tun zamanin ayarin raƙuma zangon baƙi ce, a bayan ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka kafa Sabon Gari kusa da ita. Yau ga Kantin Kwari, ga kasuwar Singa, ga kasuwar Sabon Gari, gida jikin gida, rumfa jikin rumfa, kabilu iri iri suna cin abinci wuri guda. Dattawa ba su manta da 16 zuwa 19 ga Mayu, 1953 ba, lokacin da rikicin siyasa ya tashi saboda zuwan wakilan Action Group. A tsakanin unguwannin nan biyu aka fi gwabzawa, har sai da aka kawo soja su taimaki 'yan doka da 'yan sanda. Lissafin Gwamnati ya nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun yi rauni. Wannan fa a zamanin da yawancin makaman adduna ne da sanduna da kibau. Mai hankali ya auna da kansa abin da zai auku da a ce kowane shago da bindiga.

A wuri mai cunkoso irin wannan, ƙarar bindiga ita kanta gargaɗi ce. Ita ke sa uwa ta janye ɗanta daga ƙofar gida, ɗan kasuwa ya rufe rumfa, maƙwabta su san gidan da za a kai gudunmawa. Duk abin da zai rage wannan gargaɗi, mai tsakar dare ya fi kowa cin ribarsa.

Abin da muke gani shi ne, dokarmu ba sassauci take bukata ba, aiki da ita take bukata. Ɓarnar da ake yi mana, da makaman da ba su da takarda ake yin ta, waɗanda ake shigowa da su ta kan iyaka, balle bayan rushewar mulkin Libiya a 2011. Don haka aka kafa cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021. Amma cibiya ba ta gani sai da idon jama'a.

Ku akawuna da ma'aikatan hukuma, ku riƙe rajista da amana, kada ku cika wa kowa takarda don sanayya ko don goro. Masu unguwanni su san baƙon da ya sauka da kayan da ya sauke. Ku kuma malaman makaranta, ku koya wa yara cewa bindiga ba abin ado ba ce, harsashi in ya fita ba ya komowa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya, amin.