Shirin Musamman: Dutse, Kogi da Hoce a Ƙasar Zamfara

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin namu zai zaga Gusau da Tsafe da Bunguɗu a tsakiyar damina, lokacin da gero da dawa suka rufe ƙasa, ciyawa ta hau duwatsu, iska ta yi sanyi.

Mu fara da Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa garin ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya mai da shi kasuwar gyaɗa da auduga. A 1996 kuma ya zama babban birnin Jihar Zamfara. Duk da haka Gusau ba ta ɗauki gaggawar manyan birane ba. Da la'asar sai ka nufi bakin kogin Sakkwato, ka tarar da masunta na gyaran koma, makiyaya na shayar da shanu, matasa na buga ƙwallo kan rairayi.

(Kiɗa)

Idan ka ɗauki hanyar Tsafe, Dutsen Kwatarkwashi zai tare maka ido tun daga nesa. Yana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, garin Kwatarkwashi kuma na kwance a gindinsa. A da, nan ake bikin kamun maiki, inda samari ke hawa ƙololuwa su gwada jarunta. Mai son hawa ya yi sammako, ya riƙe gorar ruwa, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, domin dutse na santsi bayan ruwan sama. Daga sama za ka hangi gonaki shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Gaba kaɗan sai Tsafe da nata duwatsun, da 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai tun kafin jihadi.

To, wanda ya hau dutse dole ya nemi abin taɓawa. Nan ne hoce ke shigowa. Garin dawa ake kwaɓawa, a gasa shi har bayansa ya yi ƙarfi, cikinsa ya yi laushi. Uwar gida ta gutsuttsura shi a kwano, ta zuba miyar sure mai ɗan tsami, ko ta yi datunsa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. A bakin hanya ga masara kan garwashi, ga dafaffiyar gyaɗa, ga fura da nono a ƙwarya.

Jama'a, mun san halin da ake ciki. 'Yan bindiga sun hana manoma da yawa zuwa gonakinsu, sun sa wasu hanyoyin sun zama abin tsoro. Saboda haka kada kowa ya fita sai ya tambayi mutanen wurin, ya tafi da rana, ya dawo kafin magariba. Amma kada tsoro ya sa 'ya'yanmu su tashi ba su san ƙasarsu ba. Ku kai su inda ya samu, ku ba su tarihin wurin, ku sayi abinci hannun matan da ke sayarwa, domin da wannan cinikin gidaje da dama ke ɗora tukunya.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)