Sassaƙa Alƙalamin Tawada a kan Injin Juyi

Alƙalamin tawada shi ne wanda yake ɗauke da tawadarsa a ciki, yana sako ta kaɗan-kaɗan ta wani bakin ƙarfe mai tsaga a tsakiya. Kamfanoni ke ƙera mafi yawansu, amma a Amurka da Ingila da Jamus da Japan akwai mutane da dama da suka mai da yin sa da hannu abin sha'awa, suna aikin a gareji ko a ɗan shagon bayan gida. Babban kayan aikinsu shi ne injin juyi, wato injin da ke riƙe guntun itace ko roba yana wulwula shi, mai aiki ya ɗora masa kurfi yana feƙewa har ya zama mulmulalle.

Asalin alƙalamin

An daɗe da tunanin yin alƙalamin da ba sai an riƙa tsoma shi a tawada ba. Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa Halifa al-Mu'izz na daular Faɗimiyya, a ƙarni na 10, ya sa an ƙera masa alƙalamin da ba ya ɓata hannu ko tufafi. A 1827 wani ɗan Romaniya, Petrache Poenaru, ya yi rajistar irin nasa a Faransa. Sai dai alƙaluman farko sun sha fama da zubar tawada, har zuwa 1884 da Lewis Waterman ya yi rajistar wata magudana mai siraran tsagogi a birnin New York. Bayan László Bíró ya fito da biro a 1938, kasuwar alƙalamin tawada ta ja baya, ya koma hannun masu son kyan rubutu da masu tara kayan ƙawa. A cikin waɗannan ne masu sassaƙa shi da hannu suke samun masu saye da abokan sha'awa.

Sassansa da yadda yake aiki

Sassa biyar ne suka haɗu suka ba da alƙalamin: baki, magudana, mariƙi, gangar jiki da murfi. Magudana tana kwance a ƙarƙashin baki, kuma aiki biyu take yi lokaci guda. Tana janyo tawada ta siririyar tsaga zuwa tsinin baki, tana kuma barin iska ta shiga ta cike gurbin tawadar da ta fita. Idan iska ta yi yawa alƙalami ya yi ta ɗiga, idan ta yi kaɗan rubutu ya riƙa yankewa.

Saboda tsananin daidaiton da wannan yake bukata, da wuya mai sha'awa ya ƙera baki da magudana da kansa. Yakan saye su a haɗe, galibi daga kamfanonin Jamus irin su JoWo na Berlin da Bock na Heidelberg. Bakin na ƙarfe ne marar tsatsa ko na zinariya, da ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri a tsininsa don kada takarda ta cinye shi. Aikin mai sassaƙa shi ne ya gina wa wannan baki mazauni mai daɗin riƙo, wanda ba ya yoyo kuma ba ya barin tawada ta bushe.

Abin da ake sassaƙawa

Ana sayar da guntayen itace da aka yanka don wannan aiki, masu kaurin kusan milimita 19 da tsawon kusan santimita 13. An fi son itace mai tauri da ƙananan ƙofofi, kamar zaitun, da baƙin itacen Afirka da ake yin sarewar Turawa da shi, da dangin kanya. Ƙullutun da ke fitowa a jikin bishiya yana da tsada, domin zanensa a murɗe yake. Dole itacen ya bushe sarai, in ba haka ba zai tsage bayan an gama aiki. Tun 2017 yarjejeniyar CITES ta sa ido kan cinikin wasu itatuwa tsakanin ƙasashe, har da maɗobiya ta Afirka ta Yamma, don haka fitar da su sai da takarda.

Ban da itace akwai robar akirilik mai launi iri-iri, da kuma ebonait, wato ɗanyar roba da aka gasa da farar wuta mai yawa har ta yi tauri. Da ebonait aka yi alƙaluman zamanin Waterman. Tawada ba ta cin sa, yana da ɗumi a hannu, amma yana warin ƙonanniyar taya in ana yanka shi, kuma rana tana koɗar da baƙinsa.

Hanyar farko: aiki da sassan saye

Mafi yawan masu koyo da wannan hanya suke farawa. Ana sayen ƙunshi mai ɗauke da baki da mariƙi da maƙalin aljihu da zobba, da bututun tagulla guda biyu, ɗaya na murfi ɗaya na gangar jiki. Itace yana shan ruwa, yana kumbura yana motsewa, shi ya sa bututun ke zama ƙashin bayan alƙalami, itacen kuma ya zama sutura kawai.

Da farko a yanka guntun gida biyu da zarto, a ja layi a jikinsa don zanen itacen ya haɗu daidai in an rufe murfi. Sai a huda kowanne ta tsakiya. Ana hudar a hankali, ana zaro abin hudar ana kakkaɓe dusa, domin zafi yana tsaga itace yana narkar da roba. Daga nan a kankare bayan bututun da samfefa don gam ya kama, a shafa gam, a tura shi ciki. In ya bushe a daidaita bakunan biyu har tagulla ta fito tana ƙyalli.

Yanzu sai a zura guntayen a jikin wata sandar ƙarfe, a raba su da zobban awo waɗanda kaurinsu ya yi daidai da sassan da za a haɗa. Kada a ɗaure notin sandar da ƙarfi, don sandar tana lanƙwasa, alƙalami ya fito ba a mulmule ba. Injin yakan yi juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti. Da fari kurfi yana dukan kusurwoyi yana ƙara kaf-kaf-kaf, dusa na tashi. Da kusurwoyin suka tafi sai ƙarar ta lafa, itacen ya riƙa fita sirara-sirara, robar akirilik kuwa ta riƙa zubo da dogayen zaruruwa suna naɗe sandar. A ƙarshe itacen da ya rage a kan bututu a wajen bakuna bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, kuskure ɗaya ya isa ya fasa shi.

Gyaran fuska

Ana fara gogewa da samfefa mai kaushi, lamba 150, a bi har zuwa 600. Bayan kowace lamba a tsai da injin a goga ta tsawo, don share zobban ƙarzuwa da juyi ya bari. Alƙalami yana shan gumin hannu kullum, saboda haka kakin zuma ko mai kaɗai ba sa daɗewa. Abin da ya fi yaɗuwa shi ne sufa gulu: a ɗiga shi a tsumma a shafa yayin da injin ke juyawa a hankali, shafi bisa shafi, sannan a goge da lallausan soso na musamman da ruwa har lamba 12,000. Masu bin hanyar Japan suna shafa wa ebonait ƙaron bishiyar urushi, wanda ba ya taurara sai a wuri mai laima, aikin yakan ɗauki watanni. Idan an gama sai a matse sassan ƙarfe a cikin bututun da bais.

Hanya ta biyu: yin komai da kai

Wanda hannunsa ya faɗa yakan bar sassan saye, ya sayi baki da magudana kaɗai. Murfi da gangar jiki da mariƙi duk daga sandar ebonait ko akirilik zai fitar da su, ya yanka musu tiredi, wato haƙoran murɗawa, ciki da waje. A tiredin murfi akan yi hanyoyi uku a jere don ya buɗe da murɗawa ɗaya ko biyu. A nan ma'aunin kauri ya fi kurfi muhimmanci. In ramin murfi ya gaza zurfi tsinin baki zai daki ƙarshensa ya lanƙwashe, in ya yi yawa ko bai toshe iska ba tawada za ta bushe. Irin wannan alƙalami ana iya cika gangar jikinsa da tawada kai tsaye, a shafa man silikon a tiredi, muddin babu ƙarfe a ciki. Sauran kuwa suna amfani da ƙunshin tawada na roba ko ɗan famfo mai zuƙowa daga kwalba.

Kiyaye lafiya da gwaji

Injin juyi ba ya son babbar riga, ko safar hannu, ko wani abu mai lilo. Ana sa gilashin kare fuska da takunkumi, domin ƙurar wasu itatuwa, kamar kokobolo na Amurka ta Tsakiya, tana jawo ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, tururin sufa gulu kuma yana yaji a ido.

Gwajin ƙarshe a kan takarda ake yin sa. A duba tsinin baki da gilashin ƙara girma a tabbatar ɓangarorinsa biyu sun daidaita, a cika tawada, a yi rubutu, a rufe a ajiye kwana biyu a ga ko zai tashi nan take. Tawadar da aka yi don irin wannan alƙalami kaɗai ake zubawa. Tawadar allo, mai gawayi da ƙaro, tana toshe magudana, haka ma tawadar zane ta Indiya. Wanke shi da ruwan sanyi duk bayan 'yan makonni yana hana tsohuwar tawada daskarewa a cikin tsagogin.