Kafin ka ce ƙwayar cuta ce, ƙirga tagogin da ka buɗe

Tun da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, duk kwamfutar da ta yi saiɓi a ofis sai ka ji an ce ƙwayar cuta ta shige ta, ko kuma wai kamfanin ne yake kashe tsofaffin na'urori daga can Amurka don a sayi sababbi. Abin da aka daina shi ne aiko wa kowa da kowa gyare-gyaren tsaro. Ba wanda ya rage wa kwamfutar wani gudu.

Kwanan baya na je wani ofishi karɓar takarda, sakataren ya ce, "Malam, sai haƙuri, kwamfutar ta ƙame, mai gyara muke jira ya wanke ta." Na leƙa, sai ga takardun Word da Excel jere a ƙasan allo, ga Chrome ɗauke da shafukan da sunayensu ma ba sa karantuwa don yawa. Na ce ya rufe wasu mana. Ya ce ai duk a rufe suke.

Wannan amsar ce take ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗan layin nan da ke saman taga ta hannun dama, wanda in an danna shi taga take ɓacewa, ba ya rufe komai. Ɓoyewa kawai yake yi. Mai rufewa shi ne alamar X. Tukunyar da aka sa wa murfi tana nan a kan murhu, tana cin itace. Akuyar da aka kai bayan gida don baƙi sun zo ba ta fasa cin dusa ba. Fasinjan da ya sunkuya a bayan a-kori-kura bai rage wa motar nauyi ba.

Kwamfuta tana da ma'aji iri biyu. Akwai babban, inda takardu da hotuna suke kwana, kamar rumbu. Akwai kuma RAM, wadda take kamar faifan da ke gaban mai girki: ƙarami ne, amma abin da ke kansa hannu kawai za a miƙa. Kowace manhaja da aka buɗe sai ta samu gurbi a kan faifan nan. Idan ya cika, kwamfuta ba ta ƙin aiki, sai dai ta riƙa mayar da wasu kaya rumbu tana ɗebo wasu. Ka ɗauka uwargida ce take zuwa rumbu a kan kowane cikin cokali na gari. Tuwon zai yiwu, amma sai bayan isha'i. Wannan zirga-zirgar ita ce saiɓin. Chrome kuwa, tun fitowarsa a 2008, an gina shi ne yana ware wa shafuka aikinsu daban-daban don kada ɗaya ya faɗi ya ja saura, shi ya sa yake da ci.

Abin dariya, Windows na farko da ya fito a 1985 bai yarda taga ta hau kan taga ba, jera su yake yi gefe da gefe. Sai a 1987 aka ba da damar ɗora su, muka samu abin tarawa.

Dabarun shirya su ba su da wuya. Riƙe Alt ka danna Tab, za ka ga duk tagogin da ke buɗe, ka zaɓi wadda kake so. Maɓallin da ke da tambarin Windows tare da kibiyar hagu ko dama yana kai taga rabin allo, ka ga mai kwafar alƙaluma daga wata takarda zuwa wata ya huta. Wannan yana nan tun Windows 7 na 2009. A 2015 Windows 10 ya kawo damar buɗe tebur fiye da ɗaya: danna maɓallin tambarin da Tab, ka ware aikin ofis a wani, karatun labarai a wani. Sai dai a kula, ido kawai wannan yake hutarwa. Kayan suna nan a kan faifai ɗaya.

Laifin ba na sakatare kaɗai ba ne. Ana ba da kwangilar kwamfutoci masu RAM gigabait 4, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 yake karɓa, a yi bikin raba su, ba a ware ko yini ɗaya na koyar da masu amfani da su ba. Ga kwamfutar tebur ba ta da batir. Wuta na ɗaukewa, aikin da ba a adana ba a cikin tagogin nan yana iya tafiya.

Mai karatu, kafin ka biya kuɗi a wanke maka kwamfuta, takardunka su bi ruwa, danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe ya nuna maka manhajar da take cinye RAM ɗin. Adana aikinka, ka rufe ta da X, sannan ka sake gwadawa.