Kasuwar cikin waya: wa zai tsaya a madadin dillali?

Duk wanda ya buɗe wayarsa da safe a Maraɗi ko Damagaram, tun bai kurɓi koko ba ya riga ya zaga kasuwa. Ga shadda an shimfiɗa bisa gado, ga turaren wuta cikin kwalabe, ga takalman fata, ga rago balami ɗaure a bayan gida an ce na layya ne. Babu rumfa, babu ƙura, babu mai karɓar kuɗin tikiti. Kayan duka suna cikin sashen nan na WhatsApp inda ake liƙa hoto ya yi awa 24 ya ɓace, wanda kamfanin ya fito da shi a 2017, kuma wanda matan aure da samari da ma'aikatan biro suka mai da shi kasuwa ba tare da wani magajin gari ya aza harsashinta ba.

Amma in ka zauna da masu wannan sana'a, kukansu ɗaya ne: masu kallo da yawa, masu saye kaɗan. Jama'a su ga hoto, ƴan kaɗan su tambayi kuɗi, ɗaya ya ce zai sake kira, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wasu su ɗora laifi ga rezo, wasu ga tsadar rayuwa, wasu har su fara zargin bakin maƙwabta. A ganinmu matsalar tana wani wuri dabam. Waya ta kai kaya gaban mai saye, amma ta baro mutum ɗaya a baya, wanda ciniki tsakanin baƙo da baƙo bai saba ƙulluwa ba sai da shi, wato dillali.

Masu shekaru sun san yadda fatauci yake tafiya a da. Falke ya iso gari ya sauka wurin maigidansa, maigida ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Dillali ya san mai biyan bashi, ya san mai ɓuya. In ciniki ya faɗa ya karɓi la'ada, in kaya suka fito da aibi shi ake nema. Ashe la'adar nan kuɗin lamuni ce. Bafaranshen nan mai bincike, Emmanuel Grégoire, wanda ya wallafa littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna cewa ƙarfin Alhaji yana ga arzikin mutane: barorinsa da abokan hulɗarsa daga Maraɗi har Katsina da Kano, waɗanda ake damƙa wa kaya masu yawa bisa kalmar baki.

Da salula ta fara bazuwa a ƙasar nan daga 2001, zamanin Celtel, ba ta taɓa wannan tsari ba, ƙarfafa shi ta yi. Wata malamar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwanninmu tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: maimakon mai sayen gero ya hau mota ya je ya ji farashi, sai ya buga waya. To amma wa yake bugawa? Wanda ya sani. Wayar zamani mai hoto ita ce ta zo da sabon abu, domin tana sa mace a Tawa ta aika kuɗinta ga wata a Yamai wadda ba ta taɓa gani ba, ba ta san gidansu ba. A nan babu mai tsayawa tsakani. Aikin da dillali yake yi, tilas hoto da murya da halin mai kaya su yi shi.

Hannun mai saye

A kasuwa mai sayen shadda yakan murza ta da yatsu, ya ɗaga ta ga rana, ya shinshina. A waya ba shi da hannu, hoton da ka ɗauka shi ne hannunsa. Marubucin wannan shafi ya taɓa aika jika talatin saboda wata shadda da ya gani a hoto, shuɗiya mai ƙyalli kamar an fiddo ta daga kanti a Dubai. Abin da ya iso tasha bayan kwana biyu launinsa ya fi kusa da toka. Mai kayan bai yi gardama ba, ya ce ai hoton daga wurin babban dila ya samo shi. Bai ɗauki abin a matsayin ƙarya ba, kuma nan ne ciwon yake. Ya ci ribar yadi biyar, ya rasa mai saye da duk wanda mai sayen zai ba labari, alhali a biro ɗaya kawai mutum nawa ne ke ɗinkin salla?

Hoton da ke sayar da kaya shi ne wanda aka ɗauka da wayar mai shago, a hasken rana, a inuwar ƙofa, ba tare da an ƙara masa kwalliya ba. A sa hannu kusa da jaka don a gane girmanta. A juya takalmi a nuna ɗinkin ƙasa, domin baduku na gari ba ya jin kunyar bayan aikinsa. In rago ne, a ɗauki ɗan bidiyo yana tafiya, a buɗe bakinsa a ga haƙora. In akwai tabo a faɗa tun kafin a tambaya. Wanda ya faɗi aibin kayansa sau ɗaya, an yarda da yabonsa sau goma. Haka ma sunan kaya. Kilishin Nijar da albasar Galmi yanzu sunaye ne da ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi wa rajista, saboda suna kansa dukiya ne. Mai kiran kowace albasa ta Galmi, kowane kilishi na Madawa, yana ci ne daga rumbun da bai zuba ba.

Sai batun kuɗi. Akwai wata al'ada da ta yaɗu, a liƙa hoto a rubuta cewa mai son jin farashi ya biyo ta gefe. Masu yin haka suna cewa ai ciniki sai da tayi, kuma ba su son abokan gasa su san kuɗinsu. Abokin gasa kuwa ya riga ya sani, ƙanwarsa zai sa ta tambaya. Wanda ake kora shi ne mai kunya: malamin lakkwal da ke lissafin abin da ya rage masa bayan haya, wanda ba ya son ya tambaya a faɗa masa abin da ya fi ƙarfinsa ya ja da baya. Tayi da albarka suna da daɗi fuska da fuska, inda ake wasa da dariya. A waya abin da ke cikin zuciyar mai saye shi ne, wataƙila ana yanka wa kowa farashi gwargwadon hoton da ke kan lambarsa. A rubuta kuɗi, a bar ɗan wurin ragi in ana so. Ƴan kan iyaka kuma, na Ɗan Isa da Ƙonni da Magarya, su riƙa faɗin ko sefa ce ko naira, musamman tun da naira ta faɗi ƙwarai daga tsakiyar 2023.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yawan masu rubuta talla da wani gurguwar faransanci, alhali masu sayensu da Hausa suke mafarki. Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su karanta boko, kuma cikinsu akwai masu kuɗin da suka fi na mai digiri. Saƙon murya, wanda WhatsApp ya kawo tun 2013, shi ne ya buɗe wa waɗannan ƙofa. Murya tana ɗauke da abin da rubutu ba ya ɗauka: ana jin ladabi, ana jin garin mutum, ana jin ko yana rawar baki. Sai dai ta zama gajera. Sallama, sunan kaya, kuɗi da jika da dala yadda ake faɗi a kasuwa, inda shago yake. Mai saye da ƴan kuɗin intanet na yini ɗaya ba zai saurari minti biyar na kirari ba, ba kuma zai buɗe bidiyo mai nauyi ba.

Lamba ita ce jari

Akwai wani abu game da yadda na'urar take aiki wanda da yawa ba su lura da shi ba. Hoton da ka liƙa na awa 24, ba kowa ke ganinsa ba sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Saƙon da ake aika wa jama'a a dunƙule, wanda ke ɗaukar lamba 256, ba ya isa sai ga wanda lambarka ke cikin wayarsa. Ke nan duk wanda ya shigo shago ya fita ba ku yi musayar lamba ba, ka yi asarar mai kallon gobe. Wannan shi ne arzikin mutane na wannan zamani, kuma ba a sayensa. Masu tara lambobin jama'a daga rukunin biki ko na ƴan unguwa su jefa su cikin rukunin talla ba da izini ba, su sani cewa in masu toshe su da masu kai ƙara suka yi yawa, kamfanin yana iya rufe lambar ɗungum. Tun 2018 akwai WhatsApp Business, kyauta ne, ana sa sunan shago da lokacin buɗewa, daga 2019 kuma har da jerin kaya da farashi. Amma ko shi bai hana a gaji da wanda ke zuba hoto arba'in kowace safiya. Uku masu kyau sun isa.

Lokaci kuwa ɗan kasuwa ya fi mu saninsa: ƙarshen wata in albashi ya sauka, farkon azumi kafin teloli su daina karɓar ɗinki, makonnin kafin layya, komawa lakkwal a Oktoba, bukukuwan aure bayan kaka.

Inda amana take karyewa ko ta ƙullu shi ne tsakanin aika kuɗi da isowar kaya. Hanyoyin sun samu: kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, kaya ta motocin Rimbo ko SONEF ko STM, yau a ɗora a Yamai gobe a karɓa a Damagaram. Amma a waɗannan awoyi mai saye yana zaune ne da zullumi, kuɗinsa sun tafi, hannunsa wayam. Ɗan kasuwa mai hankali yakan cike wannan giɓi: ya ɗauki hoton ƙunshin da sunan mai shi a rubuce, ya aika hoton takardar tasha, ya faɗi lokacin isowar mota, kashegari ya kira ya ji ko kaya sun yi. Wannan kira na ƙarshe, da bai fi dala goma ba, ya fi kowace talla. In wanda ya saya ya yaba, a nemi izininsa kafin a nuna wa jama'a saƙonsa, a kuma rufe lambarsa. Hoton matar mutane sanye da kayan da ta saya, ba a liƙa shi sai ta yarda.

Facebook da TikTok suna da nasu amfani, su ne bakin hanya inda baƙo zai fara ganinka, kafin ciniki ya koma WhatsApp. Sai dai a san cewa tun Janairun 2018 Facebook ya bayyana cewa zai fifita labaran dangi da abokai a kan na shafukan kasuwanci, wato shafinka ba ya isa ga duk masu binsa sai ka biya. Biyan kuwa yana buƙatar katin banki, kuma in ba a zaɓi gari da irin mutanen da ake nufi ba, kuɗin sai su tafi wajen nuna turaren Damagaram ga wanda ba zai taɓa saye ba. Masu sayen mabiya na bogi don shafi ya yi kwarjini, sun yi kama da wanda ya yi hayar ƴan kallo su cika masa rumfa.

A ƙarshe kada a manta rumfar nan ta haya ce, mai ita kuma ba ya ƙasar nan. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A farkon shekarar nan ɗin, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na salula a Nijar kimanin kwana goma daga 24 ga Fabrairu. Ga kuma ɓarayin lamba, masu kira da murya mai daɗi su ce an yi kuskuren aiko maka wasu alƙaluma shida, ka taimaka ka karanto musu. Kana karantawa sun ƙwace WhatsApp ɗinka, su shiga karɓar kuɗin masu sayenka da sunanka. Maganin wannan yana cikin wayar, a saka lambar sirri ta biyu, kuma kada a karanta wa kowa alƙaluman nan, ko da ya ce daga kamfani yake.

Gida biyu maganin gobara. Tsofaffin Alhazai suna da malamin da ke riƙe musu littafin bashi. Ɗan kasuwar waya ma ya sayi littafi na dala hamsin, ya rubuta sunan kowane mai saye, garinsu, lambarsa, abin da ya saya da ranar da ya saya, da boko ko da ajami. Ran da rezo ya ɗauke ko waya ta faɗa ruwa, sai ya ari ta maƙwabci ya fara kira daga shafin farko.